Aiken Da Ya Wuce Ka A Wasa: A Yi Haƙuri Ko A Yi Kwaskwarima?

Akwai wata gardama da ta ɓarke tsakanina da abokin ɗakina tun zangon karatun da ya gabata, wadda har yau ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, domin kuwa duk daren da aka kawo wuta muka buɗe kwamfuta sai ta sake tashi sabuwa fil. Ba gardamar siyasa ba ce, ba kuma ta ƙwallon ƙafa ba. A kan wasan kwamfuta ce. Na san wani zai taɓe baki ya ce ashe ma zancen 'yan zaman kashe wando ne. To mai karatu, ka ɗan ba ni aron kunnenka, domin abin da muke jayayya a kansa ya shafi sa'o'i wajen 70 da na tsakuro daga barcina da hutuna, waɗanda ba mai iya dawo mini da su.

Irin wasan da nake magana a kai shi ne wanda ɗan wasa ke shiga rigar wani jarumi, ya yi yawo da shi cikin wata ƙirƙirarriyar duniya, ya yi magana da mutane, ya zaɓi amsar da zai ba su, labarin kuma ya riƙa sauyawa gwargwadon zaɓinsa. Ginshiƙin irin wannan wasa shi ne aike. Akwai babban aike, wanda shi ne ƙashin bayan labari, akwai kuma ƙananan aike-aike da ake tsinta a hanya: wata tsohuwa ta ce a karɓo mata kwanon suyarta, wani maƙeri ya ce a gano masa wanda ya ƙona masa maƙera. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san wannan tsari ko da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Neman ruwan shi ne babban aike, amma abin da muke tunawa mu yi dariya shi ne karon da Alhaji Imam ke yi da Malam Zurƙe a garuruwan da ya ratsa. Bambancin shi ne, a littafi marubuci ne ke riƙe da hannunka, ba yadda za a yi wani babi ya wuce ka. A wasa kuwa kai ne da ragama, ana iya rufe ƙofar gari ba ka shiga ba.

Wasan da ya jawo gardamar shi ne The Witcher 3, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar a watan Mayu na 2015, aka kuma gina shi a kan littattafan marubuci Andrzej Sapkowski. Jarumin wasan, Geralt, mafaraucin dodanni ne da ake biya lada, babban aikensa kuwa shi ne neman 'yar riƙonsa Ciri kafin wasu mugayen mahaya da ke bin sawunta su cim mata. Cikin wannan nema ne na isa birnin Novigrad, na tarar ana farautar masu sihiri ana ƙona su a bainar jama'a, da yardar Sarki Radovid na Redaniya. A nan ne Triss, wadda suka taɓa soyayya da Geralt, ita ma kuma mai sihiri ce, ta roƙe ni in taimaka mata ta fitar da 'yan uwanta daga birnin a ɓoye, su shiga jirgin ruwa zuwa ƙasar Kovir. Na ce mata to, ina nan zuwa. Na juya na yi tafiyata tsibiran Skellige, a zuciyata ina cewa ai mutanen cikin wasa ba sa gajiya da jira, ko bayan shekara na dawo zan same ta tsaye a inda na bar ta.

Haka na yi ta tafiya har na samu labarin inda Ciri take, wato wani tsibiri da hazo ya lulluɓe. Gaskiya ɗaya ce, wasan bai cuce ni ba. Kafin kwalekwalena ya shiga hazon sai da gargaɗi ya fito ƙarara, cewa in adana wasana domin wasu aike-aike za su rufe idan na wuce nan. Amma a daren an ɗauke wuta tun magariba, batir na gab da mutuwa, ni kuma ɗokin ganin yarinyar da na shafe makonni ina nema ya rufe mini ido. Na danna na wuce. Na ga wasu rubuce-rubuce na gilmawa a gefe, ban tsaya karantawa ba. Sai bayan kwana huɗu, da na gama yaƙin Kaer Morhen, na buɗe kundin aike-aikena na ga sunan aiken Triss a jerin waɗanda suka faɗi. Na koma neman tsohuwar ajiya, ashe na danne ta da sabuwa, domin ɗabi'ata ce in riƙa adanawa a gurbi ɗaya. Sauri ya haifi nawa.

Da a ce aiken Triss kaɗai na rasa, da abin ya zo da sauƙi. Ashe igiya ce mai tsawo. Sai wanda ya gama wannan aike ne Dijkstra, tsohon shugaban 'yan leƙen asirin Redaniya, ke gayyata cikin maƙarƙashiyar kawar da Radovid. Wanda bai shiga maƙarƙashiyar ba kuwa, Radovid zai rayu, ya ci yaƙinsa da daular Nilfgaard, ya ci gaba da ƙona masu sihiri da masu magani da duk wanda bai yi masa ba. Hatta ɗaya daga cikin hanyoyi uku da labarin Ciri ke iya ƙarewa, wato ta hau gadon sarautar mahaifinta, ta toshe ke nan, saboda ba ta yiwuwa sai Nilfgaard ta yi nasara. Ka ji yadda "ina nan zuwa" guda ɗaya ta sauya makomar ƙasashe.

Abokin ɗakina, wanda ke karanta ilimin kwamfuta, ya shigo ya same ni na yi tagumi. Da na ba shi labari sai ya kwashe da dariya ya ce, "Haba mutumina, a kan wannan kake neman sa wa kanka hawan jini? Miƙo kwamfutar nan. Layi ɗaya zan ƙara a cikin wani fayil, akwatin umarni ya buɗe, mu gaya wa wasan ka yi aiken. In hakan bai yi ba mu nemo mod." Na ce masa, "Malam, ai ban yi ba." Ya ce, "Wa ya sani? Daga kai sai kwamfutarka. Ko Triss ɗin ce za ta kai ka ƙara?"

Ga wanda bai sani ba, mod kwaskwarima ce da 'yan wasa da kansu suke yi wa wasa, su ɗora a intanet kowa ya sauke, galibi kyauta. Ba kuma sana'ar ɓoye ba ce. Tun a 2002 kamfanin Bethesda na Amurka ya haɗa wasansa Morrowind da kayan aikin gina shi, ya ce wa masu saye ga fili ga mai doki. Ya sake yin haka da Skyrim, wanda ya fito a 2011, kayan kwaskwarimarsa suka biyo baya a 2012. Shi ma CD Projekt Red ya saki nasa, REDkit, a 2024. Babbar kasuwar wannan harka ita ce Nexus Mods, inda za ka samu komai, daga mai gyara launin ciyawa har wanda ya mayar da dodannin Skyrim masu aman wuta jirgin ƙasan nan na yara mai suna Thomas. Wasu kuma da gaske suke yi: The Forgotten City ya fara ne a matsayin mod na Skyrim a 2015, wanda wani lauya ɗan Ostireliya, Nick Pearce, ya rubuta, ya ci lambar yabo ta ƙungiyar marubutan ƙasarsu, a 2021 kuma ya zama wasa mai zaman kansa. Don haka kada wani ya ɗauka ina gaba da mod.

Na miƙa masa kwamfutar. Ba zan ci haƙƙinsa ba, sai da ya kwafi ajiyata ya ɓoye kafin ya taɓa komai. Ya yi 'yan rubuce-rubucensa, muka loda wasan. Abin da ya biyo baya shi ne gyaran gangar Auzinawa. A wani wuri a yi mini magana kamar wanda ya yi jarumtaka a Novigrad, a wani wurin a nuna ba a san zancen ba, sunan aiken kuwa na nan daram cikin waɗanda suka faɗi. Dalili kuwa, kamar yadda shi da kansa ya bayyana mini, aike guda ba makunni ɗaya ba ne. Tarin ƙananan alamomi ne da ke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya yayin da kake wasa: wa ya mutu, wa ya tsira, me ka ce wa wane. In ka kunna ta ƙarshe ka bar na tsakiya, ka bar wasan da rabin tunani. Ya ce in ba shi kwana biyu zai bi su ya daidaita. Na san zai iya. Amma ni tuni wani abu dabam ya fara damuna.

Lokacin da aka yaba mini a kan aikin da ban yi ba, sai na ji kamar ɗalibin da ya ga sakamako mai kyau a darasin da bai taɓa shiga ajinsa ba. Makin na nan a takarda, amma in an tambaye shi me aka koyar sai ya hau susar ƙeya. Ban bi ta magudanar ruwan ƙarƙashin birni da mutanen nan ba, ban tsaya a bakin tashar jirgi ina shawarar ko in ce wa Triss ta zauna ko in bar ta ta tafi ba. Abin da ake shiga wasa dominsa ke nan, shi ne kuma abin da umarni ba zai iya ba ni ba. Iyakar abin da zai ba ni ita ce alamar an gama.

Sa'annan na sake duban lamarin ta wata fuska. Shin da gaske tsautsayi ne? Na yarda na danna ban karanta ba. Amma tun kafin wannan dare, sau nawa na ga sunan aiken Triss a kundina na tsallake shi? Ya fi a ƙirga. Kullum sai in ce Ciri tukuna. Wato Geralt ɗin da na gina cikin sa'o'i 70 uba ne da ya toshe kunnensa daga kukan kowa har sai ya ga 'yarsa. Irin wannan mutum akwai shi a duniya, kuma abin da kan biyo bayan halinsa shi ne wasu su shiga uku saboda alkawarin da ya ɗauka bai cika ba. Wasan halina ya nuna mini. A ɗakunan kwananmu akwai mutum huɗu da suka gama shi, dukkansu sun bi jagorar intanet, dukkansu sun kashe Radovid, in suna hira kai ka ce mutum ɗaya ke magana. Ni kaɗai ne zan iya ba da labarin yadda birnin yake idan ba ka zo ba.

Waɗanda suka tsara wasan kuwa da gangan suka yi haka. Shaida ita ce, ko waɗanda suka taimaki Triss ba su sha da daɗi ba: da masu sihiri suka tsere, sai mafarautan suka juya kan jinsunan da ba 'yan Adam ba, wato gajerun nan masu gemu da masu dogayen kunnuwa, aka shiga ƙona su a madadinsu. Ba hanyar da ba ta da ƙaya. Wannan kuma tsohuwar al'ada ce a irin waɗannan wasanni. A Fallout na farko, na 1997, kwana 150 na cikin wasa ake ba ka ka nemo wata 'yar na'urar tace ruwa, in ka tsaya yawo mutanen maɓoyarku su mutu da ƙishirwa. A Morrowind kana iya kashe mutumin da babban labari ya dogara da shi, wasan ya sanar da kai ka tsinke zaren, ya bar ka ka zaɓa, ko ka koma tsohuwar ajiya ko ka ci gaba da zama a duniyar da ka ɓata. Kwatanta wannan da Skyrim, inda muhimman mutane ba sa mutuwa, sai dai su durƙusa su huta su miƙe, dodon da zai cinye duniya kuma ya yi ta jiranka kana tsinkar furanni. Ina son Skyrim, amma ban taɓa jin gabana ya faɗi a cikinsa ba, don na san kusan komai zai jira ni.

To amma fa abokina ba kanwar lasa ba ne, kuma akwai inda ya kayar da ni. Ya ce, "To idan ba kai ka bar aiken ba, wasan ne ya maƙale fa?" Nan na yi shiru. Sanannen abu ne cewa manyan wasanni irin waɗannan kan fito da kurakurai: mutumin da ya kamata ya ba ka aike ya ƙi buɗe baki, ƙofa ta ƙi buɗuwa, abin da aka aike ka nema ya nutse cikin ƙasa. Aiken binciken kisan kai na birnin Windhelm a Skyrim ya yi ƙaurin suna wajen ƙin farawa ko tsayawa a tsakiya. Saboda irin wannan ne wasu 'yan wasa suka haɗu suka yi facin da ake kira Unofficial Skyrim Patch, suka shafe shekaru suna toshe ɗaruruwan ɓaraka. Wanda aike ya maƙale masa ta wannan hanya, ya sa faci ko ya buɗe akwatin umarni ya tura aiken gaba da setstage, haƙƙinsa ya karɓa. Babu wani darasi a cikin ƙofar da ta ƙi buɗuwa.

Misalin da ya fi wannan ƙarfi shi ne Knights of the Old Republic II, wasan duniyar Star Wars da kamfanin Obsidian ya yi, ya fito a ƙarshen 2004. An gaggauta fitar da shi domin ya riski kasuwar ƙarshen shekara, aka yanke sassa da dama, musamman wajen ƙarshe, har labarin wasu abokan tafiyar jarumin ya tsaya cak ba bayani. Sai dai ragowar abin da aka yanke, har da muryoyin da aka riga aka ɗauka, na nan kwance cikin fayilolin wasan. 'Yan wasa suka tono su suka ɗinke, suka fara sakin mod mai dawo da su a 2009, daga baya har masana'antar mutum-mutumin nan masu kisa da aka cire gaba ɗaya ta dawo. Da wuya ka tambayi masanin wannan wasa bai ce maka ka sa mod ɗin tun a zagayen farko ba. Ni ma haka zan ce, domin a nan almakashi ne ya cire aiken tun kafin ya iso gare ka.

Saboda haka tambayar da nake yi wa kaina kafin in sauke kowane mod ita ce: wa ya raba ni da wannan aike? In kuskuren na'ura ne ko almakashin kamfani, to a gyara ba tare da ɓata lokaci ba. In kuwa ni ne, da zaɓina ko da gaggawata bayan an gargaɗe ni, to wannan ba ɓaraka ba ce da za a yi wa faci.

Na yarda iyakar ba kullum take a fili ba. A Skyrim akwai wani tsohon dodo mai suna Paarthurnax da ke zaune a ƙololuwar dutse, wanda ke koyar da kai ya kuma taimake ka a kan babban maƙiyi, Alduin. Daga baya 'yan ƙungiyar Blades, Delphine da Esbern, su ce sai ka kashe shi saboda ta'asar da ya yi a zamanin da, lokacin yana na hannun daman Alduin, in ba haka ba sun daina hulɗa da kai. Wasan bai ba ka bakin yi musu gardama ba: ko ka kashe, ko ka bar aiken rataye. Sai aka yi wani mod, The Paarthurnax Dilemma, da ke ba ka damar taka musu burki, dodo ya rayu, su kuma su ci gaba da aiki da kai. Abokina na ganin wannan gyara ne, domin jarumin da ya ceci duniya bai kamata a hana shi cewa a'a ba. Da gaskiyarsa. Amma ni da na gwada, sai na ga an ba ni taura biyu an ce in tauna lokaci guda, suka kuwa taunu. Da can in ka ƙi kashe shi ka san abin da ka sarayar don riƙe amanarsa. Yanzu amanar ta zama kyauta. Wannan mod ɗin dai wata rana in kunna shi, wata rana in kashe.

Hujjarsa ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini nauyi, domin ta shafi aljihu da agogo. Ya ce, "Kai kana maganar zagaye na biyu kamar mai rai biyu. Wasan nan in za ka bi komai ya haura sa'o'i 100. Ga karatu, ga jarrabawa, ga wutar da ba ta zama, ga kuɗin data. Gobe ka tafi bautar ƙasa, jibi ka yi aure. Yaushe za ka sake? Mutum ya sayi abu da kuɗinsa, a ce ba zai ga rabinsa ba?" Wannan magana ce. Wanda ya san sau ɗaya zai yi wasa, kuma burinsa ya ga kowane lungu, ba ni da hurumin hana shi, tunda wasa ne na mutum ɗaya, ba gasa ba. Akwai ma abin da ke wucewa ba wani gargaɗi, kamar katunan Gwent da ake ci a wata liyafa ta dare ɗaya a gidan Vegelbud, waɗanda mai tara katuna zai iya rasawa don kawai bai leƙa wani lungu na lambun ba. Wanda ya dawo da katinsa da umarni ban ga laifinsa ba, domin ba wani zaɓi ya yi ba balle a ce ya ɗauki sakamakonsa.

Inda na rabu da shi shi ne a kan kalmar "rabi". Shi ma da ya yi kowane aike akwai abin da bai gani ba, wato Novigrad da aka bari, domin an gina irin wannan wasa ne yadda ba mai ganin dukkansa a tafiya ɗaya. Na kuma lura da yadda yake wasa: waya a hannun hagu da jagora a buɗe, ba ya amsa wa kowa magana sai ya duba abin da amsar za ta haifar, kundinsa fes ba aike ɗaya da ya faɗi. Rannan na tambaye shi wane aike ne ya fi tsaya masa a rai, ya yi jim ya ce ai duk sun yi kyau. Na ce masa kai kam fom kake cikewa. Bai ji daɗin maganar ba, amma bai ba ni sunan aiken ba.

Ga wanda ya yanke shawarar sa mod, ko don gyara ko don nishaɗi, akwai abin da wahala ta koya mana a ɗakinmu. Kada ka adana a gurbi ɗaya irin nawa, ka riƙa buɗe sabo duk lokacin da za ka bar wani yanki ko wasan ya yi maka gargaɗi. Ka kwafi ajiyarka waje guda kafin ka sa komai. A Skyrim musamman, wasu mod kan bar sawunsu a cikin ajiya, in ka cire su a tsakiyar tafiya sawun na nan, yana iya lalata maka wasa bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da ka manta da dalili. Jerin yadda ake loda su ma na da muhimmanci, domin biyu na iya taɓa abu ɗaya wani ya danne wani, shi ya sa ake amfani da manhajoji irin su LOOT da Vortex. Ka guji saukewa daga wuraren da ba a sani ba, kada garin neman gira a rasa ido, kwamfutar da ke ɗauke da kundin bincikenka ta kamu da cuta. Ka kuma sani a Skyrim Special Edition na 2016, da zarar ka kunna mod daga cikin wasan zai daina ba ka lambobin bajinta, ko da yake, kamar yadda za ka zata, akwai wani mod ɗin da ke dawo da su.

Ni dai a daren nan cewa na yi ya mayar mini da ajiyata ta asali. Ya girgiza kai ya mayar. Na koma Novigrad, na ga abin da aka yi wa mutanen da na ce wa ina nan zuwa, na kasa tsayawa kallo. Bayan mako biyu na gama wasan. Ciri ta rayu, ta zama mafarauciyar dodanni irin mariƙinta. Da hotunan ƙarshe suka fara wucewa, mai ba da labari ya zo kan Radovid da wutar da ya ci gaba da hurawa a ƙasashen da ya mallaka, abokina na tsaye a bayana da kofin shayi, ya ce, "Ka gani ko? Da ka bari na gyara." Na ce masa na gani.

Yanzu na fara zagaye na biyu, da mod na gyaran hotuna da wani mai ƙara wa jakar Geralt ɗaukar kaya. Ina Novigrad, aiken Triss na saman kundina. Jiya da dare ya leƙo ya ce, "Mutumina, wannan karon dai za ka je ko?" Na ce masa sai an gama jarrabawar ranar Alhamis, na adana a gurbi uku na rufe kwamfutar.